Abin da waranti ya halatta da abin da kanun labari ya ƙara

Mu ƙaddara ranar Laraba ce, jajiberin kasuwar Maigatari, a wani ƙauye da ke tsakanin Gumel da bakin iyakar Nijar. Kwana uku da suka wuce an kore wa wani makiyayi shanu biyu daga ruga, wani kuma ya je caji ofis ya ce da idonsa ya ga an shige da su gidan wani dillalin dabbobi da tsakar dare. Da hantsi mota ta tsaya a ƙofar zaure, 'yan sanda huɗu suka sauko, ɗaya riƙe da takarda mai hatimin kotu. Suka duba turke, suka leƙa dangar bayan gida, suka zaga har makewayi. Babu sa, babu ko kashinsa. A ɗakin maigida suka tarar da bindigar toka da ya gada wajen mahaifinsa, da adduna biyu, da kuɗi a ƙunshe cikin leda waɗanda ya tanada don cinikin gobe. Suka ce, "Alhaji, zo mu je ofis ka yi bayani." Ya je ya yi bayani, kafin la'asar sakaliya ya dawo da kuɗinsa, bindigar kawai aka riƙe sai ya kawo takardarta.

Ba a yi sallar isha ba wani shafin labarai na Facebook ya riga ya buga: "Dubun wani ƙasurgumin ɓarawon shanu ta cika a Jigawa, an gano makamai da maƙudan kuɗi a gidansa." Wani ya ɗauki hoton rubutun ya jefa a WhatsApp na 'yan garin, wani saurayi ya karanta wa mutane da ƙarfi a teburin mai shayi. Babu wanda ya buɗe cikin labarin, don data tsada gare ta, sabis ɗin ma sai an hau tudu. Layin nan guda shi ne ya zaga gari.

Labarin ni na ƙaga shi, amma duk wanda ya zauna a karkarar Kano ko Jigawa ya san irinsa. Takardu biyu ne suka faɗa wa wannan mutumin rana ɗaya. Ta farko alƙali ne ya sa mata hannu, kuma doka ta ɗaure ta da igiyoyi: ga inda za a shiga, ga abin da za a nema, ga yadda za a yi. Ta biyu wani ne ya rubuta ta da babban yatsa a waya, yana sauri kada a riga shi. Mutane sun fi jin tsoron ta farko, ni kuwa a ganina ta biyun ce ta fi yi masa illa. Sai an san iyakar ta farkon za a gane irin nisan da ta biyun ta yi.

Asalin maganar yana cikin sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999, wanda ya ba da kariya ga sirrin 'yan ƙasa, da gidajensu, da wasiƙunsu, da maganganunsu na waya. Bahaushe bai jira kundi ya koya masa wannan ba. Zaure ma don haka aka gina shi, kuma har yau akwai gidajen da za ka ga an rubuta "ba shiga" da alli ko gawayi a jikin ƙofa. Aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan da ba naka ba sai ka nemi izini ka yi sallama, aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane. Sai dai kundin da ya ba da kariyar shi ne ya dawo a sashe na 45 ya ce ana iya yin doka da za ta rage ta saboda tsaron ƙasa, ko zaman lafiyar jama'a, ko kare haƙƙin wasu. Ai shi ma makiyayin da aka kore wa shanu yana da haƙƙi. Waranti na bincike sulhu ne tsakanin waɗannan biyun: za a keta alfarmar gida, amma da izinin wanda ba shi ne mai binciken ba, kuma gwargwadon buƙata.

Dokar da ta fi fayyace yadda ake yi ita ce ta tafiyar da shari'ar laifuffuka ta tarayya, wadda lauyoyi ke kira ACJA, ta shekarar 2015. Ita tana aiki ne a Abuja da kotunan tarayya, don haka jihohi suka yi nasu a kan tsarinta, Kano da Jigawa duk a 2019. Kafin nan Arewa ta shafe kusan shekara sittin tana aiki da tata dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka, wato CPC ta 1960, wadda aka ɗauko salonta daga Sudan, su kuma Sudan suka ɗauko daga dokokin da Turawan Ingila suka rubuta wa Indiya. Lambobin sassan da zan ambata na dokar tarayya ne.

Sashe na 144 ya ce kafin a ba da takardar sai an kawo wa kotu bayani a rubuce, bisa rantsuwa, wanda zai gamsar da ita cewa akwai dalili mai ƙwari na zaton wani abu da ya shafi laifi yana wani wuri. Sashe na 146 ya ce alƙali ko majistare ko mai muƙamin JP, wato wanda hukuma ta ba ɗan ƙaramin ikon shari'a, ne zai sa hannu. A lura da abin da alƙalin ya yarda da shi a nan. Bai saurari dillali ba, bai ma san fuskarsa ba. Ɓangare ɗaya ya ji, kuma da gangan aka tsara haka, don in an sanar da mai gida shanun za su ƙetara iyaka kafin gari ya waye. Abin da sa hannun ke nufi bai wuce "zaton nan ya kai a je a duba" ba. Wanda ya tsegunta yana iya zama mai gaskiya, yana iya zama wanda idonsa ya yaudare shi cikin duhu, yana kuma iya zama abokin rigimar kan iyakar gona da ya samu hanyar huce haushi. Shi ya sa sashe na 36(5) na kundin tsarin mulki yake nan daram bayan an gama binciken: wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar a gaban kotu. Dillalinmu ko tuhumar ma ba a kai ga yi masa ba.

Iyaka ta farko ga takardar alƙali ita ce wuri, kuma a nan ne karkara take da matsalar da masu rubuta doka a birni ba su cika tunawa da ita ba. A Abuja gida yana da lamba da sunan titi. A ƙauye adireshi shi ne "gidan Alhaji wane, bayan masallacin Juma'a, kusa da rijiya". Gidan nan kuwa sau da yawa gidan gandu ne: zaure ɗaya, amma a ciki akwai sashen maigida, da na ƙanensa, da na 'ya'yansa biyu masu aure, da ɗakin tsohuwa, kowa da tukunyarsa. In takarda ta ce gidan wane, wane gidan ake nufi? Katangar duka, ko sashen wanda ake zargi? Hankalin dokar shi ne cewa izinin yana bin dalilin da aka rantse a kansa. In rantsuwar a kan mutum ɗaya ce da abin da aka ce yana hannunsa, to ƙanensa da ke ɗaya sashen bai rasa kariyar sashe na 37 ba don kawai ƙofar shigarsu ɗaya. Jami'in da yake ganin akwai buƙatar duba dukan sassan, wajen alƙali ya kamata ya faɗi haka tun farko a rubuta.

Kada a ɗauka maganar adireshi ƙaramar magana ce. A ƙarshen Oktoban 2021 wasu mutane sun je gidan Mai shari'a Mary Odili ta Kotun Ƙoli a unguwar Maitama da ke Abuja, riƙe da waranti daga wata kotun majistare. Adireshin da ke jikin takardar bai dace da na gidanta ba, kuma majistaren da ya sa hannu ya janye ta, yana cewa yaudararsa aka yi da bayanin ƙarya. Wannan gidan alƙaliyar Kotun Ƙoli ke nan, mai masu gadi a ƙofa da manyan lauyoyi a waya. Sai a auna gidan da babu mai iya karanta Turancin da ke jikin takardar sai yaron da ke aji uku na ƙaramar sakandare, shi ma yana makaranta a lokacin.

Iyaka ta biyu ita ce abin da ake nema. Takarda tana faɗin me aka zo dubawa, kuma girman abin ne ke nuna inda ya dace a duba. Mai neman sa zai duba turke, da danga, da kangon bayan gida. Sa ba ya shiga kwallar amarya, ba ya shiga ƙarƙashin katifa, ba ya shiga jakar hannu. Da takardar ta ce ana neman fatun shanun ko kuɗin da aka sayar da su, da wuraren dubawa sun ƙaru, har rumbu da akwati. Wannan ne ya sa jami'ai suka fi son a rubuta musu kalmomi masu faɗi irin "duk wani abu da ya shafi laifi", ya kuma sa alƙalin kirki yake ƙin sa hannu a kan irinsu. Rigimar tsohuwa ce. A Ingila, shari'ar Entick da Carrington ta 1765 ta taso ne bayan 'yan saƙon sarki sun fasa gidan wani marubuci sun kwashe takardunsa da izinin wani minista, kotu ta ce ba su da wannan hurumin. Amurkawa kuma a gyara na huɗu na kundinsu, na 1791, sun rubuta ƙarara cewa dole takarda ta fayyace wurin da za a bincika da abin da za a kama. Duk da haka, in jami'i yana cikin duba inda aka halatta masa ya ci karo da haramtaccen abu a sarari, babu mai cewa ya runtse ido. Bindigar tokar da ke rataye a bango tana da nata hukuncin lasisi a dokar makamai, tambaya a kanta ba zalunci ba ne. Abin da ba ta zama ba shi ne shaidar satar shanu.

Sai yadda ake shiga. Sashe na 149 ya wajabta wa mai gida ya ba da hanya in an nuna masa takardar, ya kuma ba jami'i damar fasa ƙofa in an hana shi. Saboda haka tare zaure da sanda ba dabara ba ce, ƙarin laifi ne kawai. Amma sashen bai tsaya nan ba. Ya ce a yi binciken a gaban shaidu biyu, sai fa in kotu ta ba da wani umarnin saboda yanayin shari'ar. Tsohuwar CPC cewa ta yi mutum biyu masu mutunci daga cikin maƙwabta, abin da a ƙauye ya fi dacewa da mai unguwa da liman ko wani dattijo. Sashe na 149 ɗin ya kuma ce a rubuta jerin duk abin da aka samu da inda aka same shi, a sa hannu, a ba mai gida kwafi. Sashe na 150 ya ba mai gida ko wakilinsa damar tsayawa yana kallo. Wannan jerin kayan, a ganina, shi ne abu mafi amfani ga talaka a duk cikin dokar, shi ne kuma aka fi tsallakewa. Ranar da aka ce kuɗin da aka ɗauka dubu ɗari uku ne, mai gida ya ce dubu ɗari biyar ne, takardar nan ce kaɗai za ta raba gardama. Cewa "Ranka ya daɗe, a rubuta abin da aka ɗauka a ba ni kwafi" ba rashin kunya ba ne.

Akwai wani tanadi a sashe na 149 da ya kamata kowane magidanci a ƙasar Hausa ya haddace. In wurin da za a shiga ɗaki ne na macen da bisa al'ada ko addini ba ta fita bainar jama'a, kuma ba ita ake nema ba, to dole mai binciken ya sanar da ita kafin ya shiga, ya ba ta damar kauce wa wurin. In kuma jikin mace za a laluba, mace ce za ta yi. Tanadin nan yana cikin CPC tun 1960, kuma tushensa dokar Indiya ce, inda su ma suke da kulle. Wato mutumin da ya ce "Yallaɓai, a ba iyali minti biyu su sa mayafi su fito" ba alfarma yake roƙo ba, layin doka yake karantowa ko da bai sani ba.

To amma kada in zuga mutane su ɗauka takardar ta fi ƙarfin da take da shi. Akwai wurare uku da dokarmu ta fi sassauci fiye da yadda ake faɗa a majalisa. Na farko lokaci. Za ka ji ana cewa ba a binciken gida da dare ko ranar hutu. Tsohuwar dokar Kudu ce ta kayyade daga ƙarfe 5 na asuba zuwa 8 na dare. Sashe na 148 na ACJA cewa ya yi kowane lokaci, kowace rana, har Lahadi da ranar hutu, kuma a kan wannan aka yi ta musu bayan jami'an DSS sun shiga gidajen wasu alƙalai da dare a Oktoban 2016. Na biyu, ba kowace shiga ce ke buƙatar waranti ba. Jami'in da ya biyo wanda yake da ikon kamawa, mutumin ya faɗa wani gida, yana iya binsa ciki. Dokar da ta kafa NDLEA ma ta ba jami'anta ikon shiga su bincika ba tare da waranti ba in suna da dalilin zaton akwai ƙwaya. Su kuwa 'yan sintiri, duk da amfanin da suke yi wa ƙauyuka, ba su da ikon rubuta wa kansu izinin shiga ɗakin kowa.

Na ukun shi ne mai ɗaci. A Amurka, tun hukuncin Mapp da jihar Ohio na 1961, abin da aka samo ta haramtaccen bincike galibi kotu ba ta karɓarsa. Masu kallon finafinan can sun ɗauka haka abin yake ko'ina. A nan, Kotun Ƙoli tun shari'ar Musa Sadau ta 1968 ta karɓi shaidar da aka samo a binciken da bai cika ƙa'ida ba. Dokar Shaida ta 2011, a sashe na 14 da 15, ta ce irin wannan shaidar karɓaɓɓiya ce sai in alƙali ya auna ya ga illar karɓarta ta rinjayi amfaninta, yana duba nauyin laifin, da girman keta dokar da aka yi, da ko da gangan aka yi. Wanda aka shiga gidansa ba bisa ƙa'ida ba yana da hanyar kai ƙarar tauye haƙƙi a Babbar Kotu ƙarƙashin sashe na 46 na kundin tsarin mulki, har a biya shi diyya. Sai dai kuɗin mota da na lauya da zaman jiran ranar shari'a sun isa su sa manomi ya ce ya bar wa Allah, kuma mafi yawa hakan suke yi.

Waya ma ta shigo cikin lissafi, tunda yanzu ɗan ƙauye yana ajiye rabin sirrinsa a cikinta: saƙon murya, hoton iyali, alat na banki. Takardar neman sa ba ta buɗe waya. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a 2014 cewa binciken wayar wanda aka kama yana buƙatar nasa izinin. A nan, sashe na 37 ya ambaci maganganun waya da suna, dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta tanadi a je wajen alƙali a nemi izinin samo shaida daga na'ura, kuma a Oktoban 2020 hedikwatar 'yan sanda da kanta ta gargaɗi jami'anta kan binciken wayoyin mutane barkatai.

Yanzu a koma kan layin da saurayi ya karanta a teburin mai shayi, a bi shi kalma bayan kalma. "Dubu ta cika" daɗin baki gare ta, shi ya sa editoci ke sonta, amma daga karin maganar nan ta fito: rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Duk wanda aka ce dubunsa ta cika an riga an ce ɓarawo ne, an kuma ce ya daɗe yana yi. Hukunci ne cikakke a cikin kalma uku. "Asirinsa ya tonu" haka take, "an bankaɗo" ma haka, don ba a bankaɗo sai abin da aka ɓoye. "Ƙasurgumi" ta ƙara masa tarihin da babu wanda ya bincika. "Makamai" gaskiya ce ta fuskar ƙamus, amma mai sauraro a wannan zamani na 'yan bindiga AK-47 yake gani a ransa, alhali adda ce irin wadda ke kowane gida mai gona. "Maƙudan kuɗi" a hannun dillali jajiberin kasuwa kamar a ce an kama mai shayi da sukari ne. Babban abin da ya faru a ranar, wato ba a samu shanun ba, shi kaɗai ne bai samu shiga layin ba.

Wani ɓangare na ɓarnar a wajen fassara yake faruwa. Sanarwar 'yan sanda da Turanci take fitowa, kuma galibi tana ɗauke da kalmar da ke nuna zargi ne. Turanci yana yin wannan da kalma ɗaya a gaban suna, Hausa kuwa sai ta ce "wanda ake zargi da", kalma huɗu. Mai rubuta kanu yana neman gajarta, sai ya yanke su, "mutum uku da ake zargi da satar shanu" ya koma "ɓarayin shanu uku". A wajensa ya rage tsawo ne, a wajen doka ya tsallake caji ofis da mai gabatar da ƙara da alƙali a tsalle ɗaya. Haka ake cakuɗa sauran matakan. Gayyata daban, sammaci daban, kamu daban. Warantin kamu mutum yake nema, na bincike wuri da kaya yake nema, kuma ana iya bincike a tafi ba a kama kowa ba. Zargi yana hannun 'yan sanda, tuhuma sai an karanta ta a gaban kotu. Tsarewa ma tana da wa'adi a sashe na 35: kwana ɗaya in akwai kotu cikin tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu ko abin da kotu ta ga ya dace. Hausa tana da kalma ga kowane mataki, ba talaucin harshe ne ya kawo cakuɗar ba.

Ita kanta "samame" tana buƙatar a yi hattara da ita. Samame ana kai shi ne maɓoyar 'yan daba ko dajin 'yan fashi, wurin da ake zaton turjiya. Mutum huɗu da suka yi sallama a zaure suka miƙa takarda bincike suka zo yi. In an ce "dirar mikiya" kuwa, an gama zana hoton.

Na san abin da abokaina 'yan jarida za su ce: mu abin da kakakin 'yan sanda ya ba mu muka buga, cikin labarin kuma mun rubuta "ana zargin". Uzurin yana da ɗan ƙamshin gaskiya ga jaridar takarda, inda ido ke sauka daga kanu zuwa sakin layi na farko. Ga mai jin kanun labarai a rediyo yana kan hanyar gona, ko mai ganin hoton rubutu a WhatsApp, kanun shi ne labarin gaba ɗaya. Kundin ɗa'ar aikin jarida da aka amince da shi a Ilorin a 1998 ya sa gaskiya da adalci cikin ginshiƙansa, ya kuma ce in an yi kuskure a gyara da gaggawa, kuma bai ware kanu ya ce shi an yafe masa ba. Sanarwar hukuma ma ɓangare ɗaya ce, kamar rantsuwar da aka kai wa alƙali. Tambayoyin da za su kare edita ba su da yawa: akwai waranti? Me aka je nema? An same shi? An gurfanar da wani? Jihar Legas ta ga illar irin wannan har ta hana baje kolin waɗanda ake zargi a gaban 'yan jarida a gyaran dokarta na 2021.

Sannan ɓoye suna, wanda ake ɗauka ya wadatar, ba ya aiki a ƙauye. "Wani dillalin dabbobi mai shekara hamsin a ƙauyen kaza" a cikin birnin Kano ba kowa ba ne, a garin da dillalai uku ne kacal kuwa an faɗi sunansa har da na kakansa. Mutanenmu kuma suna da karin maganar da ke rufe ƙofar uzuri: ruwa ba ya tsami banza. Dokar laifuffuka ta Arewa, wato Final Kod, ta ɗauki ɓata suna laifi a sashe na 391 da 392, amma ban ɗauki ɗaure mai shafin Facebook a matsayin magani ba, don irin waɗannan dokokin masu mulki sun fi talaka iya amfani da su, kuma kan 'yan jaridar kirki suke fara sauka.

Abin da ya fi ƙaranci a aikin shi ne labari na biyu. A Satumban 2018 'yan sanda sun bincika gidan marigayi Cif Edwin Clark, dattijon yankin Neja Delta, a Abuja suna neman makamai bisa tsegumin wani, ba su samu komai ba, hedikwatarsu ta ba shi haƙuri a bainar jama'a. Cikin alƙalan da DSS ta shiga gidajensu a 2016 akwai Mai shari'a Adeniyi Ademola, wanda wata Babbar Kotu a Abuja ta sallama a Afrilun 2017 tana cewa masu ƙara ba su kawo abin da zai sa ya kare kansa ba. Waɗannan manya ne, shi ya sa aka bi labarinsu har ƙarshe, kuma duk da haka waɗanda suka tuna daren shigar sun fi waɗanda suka tuna ranar sallamar yawa. Dillalin ƙauye ba shi da wakilin jarida da zai koma caji ofis ya tambayi yadda aka ƙare. Da shafin ya rubuta "'Yan sanda sun bincika wani gida a Jigawa kan satar shanu, ba a samu shanun ba", da kalmomin ba su fi na farkon yawa ba, sai dai masu dannawa za su ragu.

Ranar Alhamis ya kama hanyar Maigatari kamar kullum, kuɗinsa a aljihu. A kara ya taya wani bijimi, aka daidaita, ya juya zai sayar wa wani baƙo daga Kudu da suka shekara biyar suna hulɗa. Yaron baƙon ya matso ya raɗa masa wani abu a kunne, ya nuna masa waya. Baƙon ya dubi bijimin, ya dubi dillali, ya ce, "Alhaji, ba don komai ba, a kira mai shi na asali da sarkin kara su tsaya a kan cinikin nan."